Rariya Mai Ƙananan Ido

Gugan ƙarfen ya taso daga ƙasan teku, ya amayar da baƙar laka a kan jirgin bincike. Farfesa ko sunkuyawa bai yi ba.

"Nan kabari ne, 'yata. Tun da ruwan ya ɗumama, taurarin teku, dabbobin nan masu hannu biyar, suka ƙare. Daga bana mun soke wurin."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in tace wannan lakar," in ji ɗalibarsa.

Matuƙin jirgi ya tuntsire da dariya. "Duk bokon nan, a tankaɗe kika ƙare? Da kin zauna gida kin taya Innarki!"

"Ai a wurinta na koya, Baba."

Shekara da shekaru tana zuwa nan, rana na gasa ta, tana komawa da kwalabe wayam. Kullum da rariya mai manyan ido ake wanke lakar, don haka aka gada tun zamanin da dabbobin ke da girma. Bana kuwa ruwan ya soma sanyi. Ta ture tsohuwar rariyar, ta ɗauko mai ƙananan ido, ta sakar mata ruwa a hankali.

Lakar ta tafi. Abin da ya saura kamar an watsa riɗi. Ta ɗaga shi saitin idon Farfesa. Kowace ƙwaya hannuwanta biyar, kuma suna motsi.

"Kabarin naka ya haihu," in ji ta. "Mu ne muke ta zubar da jariran."

Farfesa ya durƙusa cikin lakar. "Kada ka ta da injin nan," ya ce wa matuƙi.