Mai Kifin Bakin Iyaka

An ce ƙanen Malama ya bar giya, har yana zuwa sujada, wai wata mai kifi ce a bakin iyakar Benin ta juyo da shi. Maganar ta tsaya wa Malama a wuya. Shekara talatin tana jera masa ayoyi, daga Karin Magana har wasiƙun Bulus. Da Shari'a ta rufe gidajen burkutu a Bagudo, sai ya koma tsallaka iyaka yana sha. Yanzu kuma wata can ce za a yaba a gaban ikilisiya?

Ranar kasuwa ta hau kabu-kabu, ta iske matar tana juya bandar kifi a kan wuta.

"Baiwar Allah, wace aya kika ja wa ƙanena?"

"Aya, Malama? Ni ko sunana aka rubuta ban gane shi."

"To wane wa'azi kika yi mai?"

"Wane ni! Littafin marigayi maigidana ne ke ajiye. Na ji ƙanenki ya yi boko, na roƙe shi ya riƙa karanta mini Zabura. Ran da ya zo a buge, baƙaƙen suka ƙi tsaya mai, na tashi ban ji komai ba. Kunya ta kama shi. Tun ranar, ido garau yake zuwa. Ɗaukaka ga Allah."

Malama ta dubi Littafin da ke ajiye gefen matar, shafukansa duk maiƙon kifi. Ita ba ta taɓa miƙa masa nata ya karanta ba.