Tsarabar Tsibiri

Rabe ya raɓe bayan tankin ruwa don kada hayaniyar masu cin abinci ta shiga wayar, sannan ya danna ya fara magana.

"Inna, yau mun je wajen ginshiƙan nan. Manya-manya ne, na dutse, sun fi shekara dubu biyu a tsaye. Daga nan muka ci curin shinkafa soyayye mai cuku a ciki, ga teku shimfiɗe a gabanmu."

Ya tura saƙon zuwa Tasawa, ya goge zufa, ya koma wankin tukwane. Shekararsa huɗu ke nan a wannan gidan abinci na unguwar Hajara, cikin garin Sabha, a tsakiyar sahara, nesa da teku. Ginshiƙan da curin shinkafar duk a bidiyon masu yawon buɗe ido ya gan su.

A Tasawa kowa ya san marigayi babansa da Siradji na Italiya. Shekara tara ya yi a tsibirin Sisiliya, ya dawo da faso a ƙafa, da kanta a tafin hannu, da labarai cike da baki. Ran Juma'a yakan kori kowa daga murhu ya dafa taliyar tsibiri: a tukunya ɗaya, a kakkarya ta cikin jan romo mai yaji. Yara na lasar kwano, shi kuma yana kwatanta musu kangayen mutanen dā da shuɗin ruwa. Duk garin babu mai hawan giginya kamarsa. Yakan ce aikin jirgin ruwa ne ya koya masa.

Don ya ga abin da uban ya gani Rabe ya bar gida. Ya kai bakin teku kuwa. Da ya ga kwale-kwalen roba, ya ga yawan mutanen da ake dannawa ciki, sai ya ja da baya. Ya juyo Sabha. Ranar da Inna Halimatou ta tambaye shi ko ya tsallake lafiya, bakinsa ya riga shi cewa eh.

Tun daga nan duk Juma'a sai ya ƙara bulo ɗaya a kan ƙaryar. Har taliyar babansa ya tarar ana dafawa a Sabha, suna ce mata mbakbaka. Ya ce a ransa, ai wajen Italiyawa suka koya. Duk ranar da aka ɗora ta, yakan kasa ci.

Ana saura wata guda Sallah, Inna ta aiko da saƙo. Maƙwabta sun gaji da jin labari, suna son ɗanɗanawa. A aiko mata da tsarabar tsibiri.

Rabe ya zaga kantuna uku kafin ya sami man zaitun da taliya da kifin gwangwani masu rubutun Italiya. Ya zauna da reza ya kankare duk wata takarda mai Larabci, har ta ƙasan kwali. Ya tuna ramukan hanyar sahara, ya ji tsoron kwalbar ta fashe, sai ya cike ko'ina da dabinon da wani abokinsa ya kawo masa daga lambunan Samnu, wani gari kusa da Sabha. Ya damƙa wa Yaou direba kayan, ya sa shi ya rantse zai ce daga Tarabulus aka miƙo masa.

Kwana goma sha ɗaya babu labari. Juma'a ta zo, Rabe ya je bayan tanki, ya danna wayar, ya mayar da ita aljihu bai tura komai ba.

A kwana na sha biyu Inna ta kira da kanta, abin da ba ta saba ba.

"Kaya sun iso. An ci taliya, an sa albarka. Dabinon ne ban ba kowa ba."

Muryarta babu faɗa, kuma wannan ne ya karya shi. Ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti kamar tana gabansa, ya faɗa mata komai: kwale-kwalen, da tukwanen, da bidiyon da yake haddacewa.

"Inna, na zubar da sunan Baba. Inda ya taka da ƙafarsa ni tsoro ya hana ni. Da wane ido zan dubi mutanen gari?"

"Da idon da babanka ya dube su," in ji ta. "Ka ɗaure kayanka ka biyo Yaou, Sallah ta same ka a gida."

"Inna, ba ki gane ba..."

"Ni ce ban gane ba? Ina gutsurar dabinon nan na san lambun da ya fito, don buhu guda babanka ya zo da shi, kuma a ranar ya durƙusa mini kamar yadda na san ka durƙusa yanzu. Shekara tara ya yi yana hawan dabino a Samnu, ɗan nan. Kai ka ma ga tekun."