Zakiyya da Ƙwayar Bijimi

Zakiyya ba ta da wani ciwo a duniya sai na ganin Hadiyya. Tare suke buga tafireta a wata ma'aikata a Dutse, tun shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa aka kwaso ma'aikata daga Kano. Atamfa iri ɗaya suke yanka, amma in Hadiyya ta ɗaura tata sai ta cika ta fam, a yi ta cewa, "Hajiya, hutu ya karɓe ki!" Ita kuwa Zakiyya, zani sau biyu yake zagaye ta.

Abin haushin, ta fi Hadiyya ci. Wallahi ta fi ta! Ga tuwo, ga fura da nono, ga kunun gyaɗa, amma shiru kake ji.

Mijinta Abdulbaƙi ya sha gaya mata, "Ni haka na gan ki na ce ina so. Dubi Innarki, dubi kakarki, ai duk gidanku haka kuke."

"Kai ba ka jin abin da ake faɗa," in ji ta. "Cewa ake ba ka ciyar da ni."

Ana haka aka fitar da ankon bikin wata abokiyar aikinsu. Hadiyya, cikin wasa, ta ce, "Zakiyya, ke ai yadi uku ya ishe ki, ki bar min ragowar." Ofis ya kwashe da dariya. Zakiyya ma ta yi, amma ta ƙullaci maganar a ranta.

Ran Asabar ta je Kiyawa gaida Baffa Bubayero, ƙanin mahaifinta, mai turke shanu don kasuwar Sallah. Ta tarar yana daka wasu ƙwayoyi yana zubawa a dusa. Bijimin da ta sani ƙashi da rai wata uku baya, ga shi ya yi ɓul-ɓul.

"Baffa, wannan fa?"

"Ƙwayar ƙiba ce ta dabbobi. Kar ki taɓa, 'yar nan."

Yana juya baya ta damƙi cikin hannu ta ƙulle a haɓar zani. A lissafinta, tunda bijimi ƙwaya huɗu yake sha, ita ɗaya ba za ta yi mata komai ba. Daga ɗaya ta koma biyu. Da suka ƙare ta aika kasuwa aka ƙaro.

Kumatu suka fito, wuya ya cika. Ranar biki wata ta ce mata, "Kai, Zakiyya, kin kusa kamo Hadiyya!" Ba ta taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Ba ta kula da ƙafafunta da ke ƙara sirancewa ba, balle ƙishirwar da ba ta ƙarewa. Sai ma ta ƙara ƙaimi, har shekara ta zagayo.

Wata safiya tana saukowa daga bas a unguwar Limawa, ƙugunta ya yi ƙas, ta zube a ƙasa.

A asibiti likita ya gwada jininta, ya tsare ta da tambaya har ta faɗi gaskiya. Ya ce, "Malama, kitse ba ajiya ce kawai ba. Yana sakin wani sinadari cikin jini da ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da jiki ya tara. Yawan wannan sinadari da yadda jiki ke jin saƙonsa, gado yana da hannu a ciki. Naki lafiya lau yake aiki, irin na gidanku ne. Ƙwayar nan kumbura ki ta yi, ta jawo miki ciwon suga, ta cinye ƙashinki."

Hadiyya ce ta riƙa kawo mata abinci asibiti. Da ta ji dalili sai ta fashe da kuka. "Haba Zakiyya! Ni da gwiwoyina ke hana ni tsayuwar sallah? Kullum ina kallon yadda kike tafiya cas-cas ina cewa ina ma ni ce."

Kumburin ya sace bayan wasu watanni. Yau zani sau biyu yake zagaye Zakiyya kamar da, sai dai yanzu da sanda take zuwa ko'ina, da allurar suga a jaka.

Jama'a, ƙiba da rashinta akwai gado a ciki, ba su ne ma'aunin hutu ba. Kada kishin jikin wani ya sa ku sha abin da likita bai ba ku ba, ku rasa lafiyar da kuke da ita.