Mai Keken Bunguɗu

Attahiru, masinjan alƙalin Bunguɗu, ya kaɗa ƙararrawar kekensa, manomin da ke gabansa ya yi tsalle ya faɗa cikin dawa.

"Ƙauyawan banza! Ba ku taɓa ganin keke ba?"

Ba su taɓa gani ba kuwa. Keken kotu ne, an ba shi don kai saƙo Gusau, amma Attahiru na hawansa kamar gadon ubansa.

Ruwan jiya ya bar hazo, ba a ganin nesa. Yashi ya jiƙe, keken sai rarrafe yake. Attahiru dai bai bar ƙararrawa ta huta ba.

Can sai ga wani dattijo ya tuɓe takalma, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe!" Gaba kaɗan masu itace suka sauke kaya, suka zube. Duk wanda ya ɓullo daga hazon sai ya kai ƙasa.

Attahiru ya gyara zama, yana amsawa da hannu ɗaya. "Yawwa, yau kun san manya!" Ya bushe da dariya, ya ɗaga murya. "Ko tsohon nan alƙali, da ramammen dokinsa mai tari, wa ke zube masa haka?"

A bakin rafi ya sauka zai saɓa keken a kafaɗa. Wani abu ya yi masa huci a ƙeya. Sannan abin ya yi tari.

Alƙali ya leƙo daga kan sirdi.

"Haye mana, ranka shi daɗe. Tun daga gida muke biye da kai."