Fitilar Motar Soja

Da Babban Direba ya ja motar sojan da ya saya a gwanjo zuwa gareji, taya ɗaya ta hau kan bokitin wankin hannu ta lotsa shi. Ya leƙo ta taga ya ce wa masu garejin su koyi ajiye kaya inda ya kamata.

Kamfanin da ya yi wa tuƙi tun yana da baƙin gashi ne ya sallame shi, wai lokacin hutawarsa ya yi. Hutu! Sai ka ce ya kai musu kukan gajiya. Ya sayar da filinsa ya sayi wannan ƙatuwar koriyar mota, don ya nuna musu har yanzu shi ne sarkin doguwar hanya. Wani ɗan kasuwa ya yi masa alkawarin dakon buhuna, da sharaɗin motar ta shirya kafin ƙarshen wata. Injinta lafiya lau. Fitila ce kawai matsalar, kuma mai doguwar hanya ba ya tafiya babu fitila.

Mai wayarin ɗin garejin, wanda ake kira Injiniya ba tare da an taɓa ganin takardarsa ba, ya yi masa bayani. Sojoji batir biyu suke haɗawa, ƙarfin wutarsu ninkin na motar gida ne. Wanda ya riƙe motar a baya ya cire batir ɗaya ya bar ƙwayayen fitilar soja, shi ya sa suke ci kamar ba su karya ba. Ga kuma murfin ƙarfe mai siririyar tsaga a kan kowace fitila, don kada abokan gaba su hango mota daga nesa.

Babban Direba ya ce shi abokin gabansa ɗaya ne, ramin titi, kuma so yake ya hango shi tun daga nesa.

Injiniya ya ɓamɓare murafen. Ya zare tsofaffin wayoyin, dukkansu baƙaƙe kamar an rina su a tukunya ɗaya, ya sa sababbi masu launi. Ya canza ƙwayaye, ya canza makunni. Da yamma aka shigar da motar rumfar fenti, aka ja ƙofa don a samu duhu, aka kunna. Injiniya ya juya baya da sauri, ya ce an gama.

Babban Direba ya dubi bangon da hasken ya sauka ya yi tsaki. Ya ce in wannan ce fitila, gara ya ɗaura kyandir biyu a gaban motar, ko ba komai zai huta da sayen batir.

Injiniya ya koma kan aiki. Washegari ya kankare tsatsa a inda waya take kama jikin mota. A rana ta uku ya sa sabon batir. Ya kawo wasu ƙwayayen a kwali, ya miƙa wa mai motar ya karanta ƙarfinsu da kansa. Babban Direba ya mayar masa, ya ce masana'antun zamani suna rubutu kamar tururuwa ta taka tawada, don kada a gane ha'incinsu.

A gida ma ba a bar shi ya sha iska ba. Autarsa, mai aikin jinya, ta dame shi da maganar ya zo wurin aikinsu a duba shi. Ya ce mota ce ba ta da lafiya, in suna da gadon da zai ɗauke ta sai ya kawo musu. Ya ƙara da cewa a canza ƙwan falo, tun bara yake faɗa ya mutu rabi, amma gidan nan ba a jin magana.

Gaskiya dai tsoro ya fara kama shi. Fili ya tafi, wata ya kusa ƙarewa, ɗan kasuwa ya soma amsa waya a gajarce. In motar nan ba ta hau titi ba, masu kamfani sun yi gaskiya ke nan, kuma wannan ya fi asarar filin ci masa rai.

Ranar gwaji na ƙarshe ya tara shaidu: mai walda, mai faci, mai fenti. Auta ma ta biyo shi, wai hanya ce ta biyo da ita. A bakin rumfar ya gaida mai fenti da fara'a, mai walda ya amsa.

Aka ja ƙofa. Injiniya ya ce ya sa mafi ƙarfin ƙwan da doka ta yarda da shi, ya ƙara biyu a saman kan motar. Ya murɗa makunni.

"Madalla da Injiniya," in ji Babban Direba, yana tafi a hankali. "Jama'a ku shaida. Wata guda muna abu ɗaya, ga abin da aka ba ni. Ko kaza ba za ta farka da wannan hasken ba."

Ba wanda ya yi dariya. Shi kuwa ya saba a yi masa dariya, sai shirun ya ba shi haushi. Ya juya ya nemi mai goyon bayansa, ya ga inuwar mutane kawai a jikin bango, kowa da wani abu a fuska.

Wata inuwa ta matso ta kama hannunsa. Sai da ta zo dab da shi ya gane Auta ce, ta kare idonta da tafin hannu, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, ka ce ya kashe, hasken zai makantar da mu," ta ce a hankali. "Injiniya ya ce tun ranar farko da ya gyara ta fitilar nan take haka."