Ɗinkin Abin Wuyan Kyanwa

Tun da aka kafa dokar cewa motar hukuma za ta kwashe duk kyanwar da ba ta da abin wuya, layi bai yanke a rumfar Ɗanlami baduku ba. Abin wuyan yakan ɓalle da kansa idan ya maƙale, don kada ya shaƙe kyanwa. Shi ya sa mutane ke kawowa a ɗinke maɓallin.

Da hantsi Inna Tasalla ta kawo tata. Ya yi ɗinki uku.

"Ɗanlami, idan ya kama a wayar katanga fa?"

Ya datse zaren da haƙori. "Za ki same ta a rataye, Inna. Amma ba wanda zai ɗauke miki ita."

Ta shafa kan kyanwar. "Ƙara ɗinki ɗaya."