Warin Yunwa

Tun da aka yi wa kowa allurar jure wa fari, jikin mai jin yunwa kan aika saƙo ga jikin masu ƙoshi na kusa da shi, sai su bushe su yi barci har damina, kamar yadda ƙwayoyin cuta ke yi in abinci ya ƙare.

Da hantsi Ladidi ta je gidan yayanta Bawale neman gero.

"Tsaya a zaure!" ya daka mata tsawa. "Warin yunwa kike. So kike ki kwantar min da iyali?"

"Yaya, tiya ɗaya kawai."

"Fice min!"

Ta wuce shi ta zauna a gindin rumbu, tana kallon leɓɓansa na tsattsagewa, idanunsa na lumshewa.

"Kwanta, Yaya," ta ce. "Ni zan kula da geron."